Kuɗi sun shigo makaranta: kwamfuta, littattafai, ko gyaran karatu?

Malam Habibu HM:
Assalamu alaikum shugabanni. Dan Allah shawara nake nema kuma ina so a bani ita tsakani da Allah. Tsofaffin ɗaliban makarantarmu sun haɗa mana ɗan kuɗi, ba wasu masu yawa bane amma a wajenmu abin a zo a gani ne, suka ce mu zauna da SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, mu ga abin da ya fi dacewa. Ciyaman ya kafe sai an sayi kwamfuta ko guda biyar ce, a gyara ɗaki ɗaya a sa sola, yace makarantar garin da ke gabanmu haka sukayi har iyaye suna kwashe yara suna kaiwa can. Malamaina kuma littattafai suke so. Ni kuwa abin da ke ci min tuwo a ƙwarya daban ne, ƴan aji biyar da shida da yawansu ba sa iya karanta jimla ɗaya da Hausa balle Turanci, kuma nan da ɗan lokaci mu ne za mu sa hannu mu tura su sakandare a haka. Naji ana cewa akwai bincike da akayi kan irin wannan. Wa ya san me binciken yace? Asabar mai zuwa ne zaman.

Malam Kabiru mai firaibet:
Wa alaikumus salam. HM, wato hedimasta, ka sayi kwamfutar nan kawai. Zamani ya canza, yanzu JAMB ma da kwamfuta ake yi, yaron da bai taɓa riƙe maus ba ya zai yi? Ni ranar da na buɗe ɗakin kwamfuta a makarantata ranar iyaye suka fara ɗaukata da muhimmanci.

Malama Rabi Bauchi:
Malam Kabiru yaron da bai iya karanta sunansa ba me zai karanta a fuskar kwamfutar? JAMB ɗin ai tambaya ake rubutowa ya karanta.

Dakta Nura:
Malam Habibu Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin a kashe kuɗin, da yawa sai bayan an kashe ake tambaya. Abubuwan nan uku da ka lissafa duk an gwada su a wasu ƙasashe kuma an auna sakamako, bari in ɗauke su ɗaya ɗaya.

Kwamfuta: ƙasar Peru ta raba wa ƴan firamare ƙananan laftof dubu ɗaruruwa a shirin nan na kowane yaro da tasa. Masu bincike na bankin raya ƙasashen yankin Amurka suka bi makarantun karkara sama da 300, wasu an basu wasu ba a basu ba, ta hanyar ƙuri'a aka zaɓa. Bayan wata 15 yaran sun iya sarrafa na'urar sosai, amma a lissafi da karatu babu bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a ba komai ba. Kuma fa nan kowane yaro da tasa har an yarda ya tafi da ita gida, ba guda biyar ga makaranta guda ba.

Littattafai: a yammacin Kenya an raba littattafan karatu a makarantun ƙauye, Glewwe da Kremer da Moulin suka bi diddigi, an buga sakamakon a 2009. Makin yawancin yaran bai motsa ba, waɗanda dama su ne na gaba a aji su kaɗai suka ƙaru. Dalili kuwa littattafan da Turanci suke kuma sun fi ƙarfin yaran, akasarinsu ba sa iya karanta su. Kar a ɗauka cewa nayi littafi ba shi da amfani, littafin da yaro zai iya karantawa shi ne mai amfani.

Na ukun shi ne wanda hujja ta fi ƙarfi a kansa, a raba yara gwargwadon inda karatunsu ya tsaya ba gwargwadon ajinsu ba, na awa ɗaya ko biyu kullum. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta ɓullo da shi, ana ce masa TaRL, an shafe shekaru ana gwada shi tare da su Banerjee da Duflo waɗanda suka ci kyautar Nobel a 2019 tare da Kremer ɗin nan na Kenya. An kawo shi Zambiya, mu nan kuma an fara gwada shi a Borno a 2018 tare da UNICEF kuma da Hausa akayi.

Baba Alhaji Isa mai ritaya:
Dakta da girmanka, amma ni wannan magana ta Peru da Indiya bata shiga kaina. Mutanen nan sun taɓa shiga aji mai yara fiye da ɗari a zaune a ƙasa, malami ɗaya, rufin kwano iska ta yaye rabi? Sun san malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, da an tashi tara sai ya hau babur ya tafi acaɓa? Na koyar tun zamanin UPE, shirin ilimin firamare kyauta na 1976, na ga shiri ya zo na ga shiri ya tafi, kowanne da motocinsa da bitarsa da alawus ɗinsa, da Turawan sun naɗe tabarmarsu shikenan an koma gidan jiya. Ciwon makarantunmu ba ɓoyayye bane da sai an yi bincike, a biya malami da kyau a sa masa ido a rage yara a aji, ku ga aiki.

Malam Kabiru mai firaibet:
Baba ya gama magana.

Dakta Nura:
Baba Allah ya ƙara girma, ban musa ko ɗaya a cikin abin da ka lissafa ba. Amma duba hannun Malam Habibu, albashi ba nasa bane, ɗaukar malamai ba nasa bane, na hukumar ilimin firamare ta jiha ne, wato SUBEB, da ƙaramar hukuma. Abin da ke hannunsa shi ne wannan ɗan kuɗin da jadawalin darasi da malaman da Allah ya bashi. A nan ɗin ne bincike zai masa rana. Kuma makarantun gwamnati na jihohin Bihar da Uttar Pradesh na Indiya da akayi gwajin a cikinsu ba irin na Landan bane, talauci ne da cunkoso da rashin zuwan malamai irin namu. Tun 2005 a Indiya suke yin wata ƙidayar karatu gida gida mai suna ASER, shekara da shekaru abin da take nunawa kusan rabin ƴan aji biyar na karkara ba sa iya karanta littafin aji biyu. Baba ai kamar da mu ake.

Maganar rage yara a aji kuma, gaskiya ne yana taimakawa, amma ka san shahararren gwajin da ake kafa hujja da shi, na jihar Tennessee a Amurka daga 1985, daga yara 22 zuwa 25 aka rage zuwa 13 zuwa 17. Mu ko an raba ajinmu biyu ba mu kai inda suka fara ba.

Malama Rabi Bauchi:
Bari in sa baki tunda mu an yi da mu. Lokacin shirin Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato da tallafin USAID, abin da ya fara buɗe min ido ba bitar bace, gwajin da aka koya mana ne. Akwai wata yarinya ƴar aji huɗu da kowa ke cewa ita ce gwanar aji, in malami ya buɗe shafi ya ce karanta sai ta zubo shi tas ba gargada har ana tafa mata. Na kira ta ofis na rufe shafin da takarda na bar kalma ɗaya tak a buɗe, kalmar "rijiya", nace karanta min. Yarinyar nan ta kalli kalmar ta kalle ni, ta fara motsa baki tana janyo shafin daga farko a ranta don ta lissafo inda kalmar take. Ashe hadda ce. Kunnenta ne ya ɗauka saboda kullum malami ya faɗa aji ya amsa da ƙarfi, ita kuma Allah ya bata kai. Wallahi ranar jikina yayi sanyi, domin in gwanar kenan to ina ga na bayan aji da ba a jin muryarsu sai a cikin amshi.

Shi yasa Malam Habibu ni shawarata kafin Asabar ɗin nan ka gwada yaranka ɗaya bayan ɗaya, ba jarrabawar takarda ba da za su kwafi juna. Kati ɗaya ya isa: haruffa a gefe, kalmomi masu sauƙi, ɗan sakin layi mai jimla huɗu, sai gajeren labari. Ka fara masa da sakin layin, in ya iya ka hau da shi labari, in ya kasa ka sauko kalma, in ya kasa ka sauko harafi. Minti kaɗan ne kowane yaro. Ka rubuta sunansa da inda ya tsaya. Ka ɗauki takardar nan ka kai zaman ka ajiye gaban ciyaman.

Malam Habibu HM:
Hajiya Rabi wannan ta shige ni. Amma yaran suna da yawa fa, daga aji huɗu zuwa shida.

Malama Rabi Bauchi:
Ka raba wa malamai amma kar malami ya gwada ajinsa, ku yi musaya, don kowa yana son ace ajinsa ya iya. Kuma a gaya wa yaran ba duka ba maki, in ba haka ba tsoro kaɗai zai sa mai iyawa ya kasa.

Mushe Laminu Damagaram:
Salamu alaikum ƴan uwa na Najeriya, ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan Nijar matsalar guda ce sai dai mu Faransanci ne, yaro ya shigo lakwal CI, wato aji ɗaya na firamare, bai taɓa jin kalma guda ta Faransanci ba a gida, mushe, wato malami, ya tsaya yana ta magana shi kuwa yana kallo, har ya kai CM2, aji shida, yana kwafe abin da ke bisa allo da kyakkyawan rubutu amma bai san mi ya rubuta ba. Abin da ke ban haushi, tun 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji nan Damagaram inda ake fara ma yara da Hausa kamin a shigo da Faransanci, kuma kowane awo da aka yi yaran nan ba su kasa na sauran lakwal ba, sau da yawa ma sun fi su. Shekara hamsin kenan ana ce ma abin gwaji. Ke nan ba rashin bincike ba ne ke damunmu, an sani sarai, aiki da shi ne babu. Dirakta na iya sanin gaskiya amma in ansifekta ya zo abin da ke cikin furogiram shi zai tambaya.

Ɗanjuma SSO:
Mushe ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi, domin ni ne mai zuwa duba makarantun. Gaskiya fom ɗin da ake bamu abin da yake tambaya shi ne an rubuta lesin not? an cike rajista? an kai ina a sikim, wato tsarin darussan zango? Babu layin da yace yara nawa ne suka iya karatu. To malami ba wawa bane, abin da ake tambayarsa shi zai yi, ko yara sun gane ko basu gane ba shi dai ya kai mako na goma a sikim. In HM ya ɗauke awa ɗaya ya ce ta karatu ce, wani sufabaizan zai iya rubuta shi a cewa ya saɓa jadawali. Don haka Malam Habibu kar ka yi shi a ɓoye, ka je wajen ES, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ka kai masa sakamakon gwajin nan a rubuce ka nemi amincewarsa, akasarinsu in suka ga sunaye da adadi a takarda ba sa ƙi.

Dakta Nura:
Malam Ɗanjuma wannan da ka faɗa shi kansa yana cikin binciken, kuma shi ne ɓangaren da masu tallata shirin ba su cika faɗa ba. Ba ko ina TaRL yayi aiki ba. A Bihar da Uttarakhand an ba malaman gwamnati horo an basu kayan aiki aka ce su riƙa yi a cikin darasinsu na kullum, sakamako ya fito kusan babu wani canji, malaman sun koma bin manhaja kamar yadda suka saba don ita ake tambayarsu. Amma malaman Bihar ɗin nan dai da aka sa su yi a lokacin hutu, babu manhaja a kansu, yara sun ƙaru. Sai a Haryana aka ware awa guda a jadawali da sunan abin, aka sa jami'an gwamnati masu duba makarantu su fara koyar da shi da kansu kafin su riƙa zagayawa, nan ne ya kama. Kaga darasin da ke ciki, horo da kati kaɗai ba sa yi, sai an ware lokaci an raba yaran da gaske kuma akwai mai bibiya. Duk wanda zai ɗauki bincike ya ɗauka har da inda abin ya faɗi, in ba haka ba zai maimaita faɗuwar.

Baba Alhaji Isa mai ritaya:
To Dakta yanzu ka fara magana irin wadda nake ganewa. Ai abin da nace kenan, sa ido. Kuma in gaya maka, wannan raba yara da kuke cewa daga Indiya, makarantar allo fa? Kowane almajiri da allonsa, wani yana babbaƙu wani yana farfaru wani ya yi nisa a izu, malam ba ya wanke wa yaro allo sai ya biya daidai. Ba a taɓa cewa tunda shekararka goma dole kana izu kaza ba. Mu ne da boko muka ɗaure yaro da aji.

Maman Khalifa:
Ni uwa ce kuma malama, ina da tambaya. Yaro ɗan aji shida mai shekara sha uku ka zaunar da shi rukunin haruffa tare da ƙaninsa ɗan aji huɗu, kun san me zai faru a hanyar gida? Tsokana har ya daina zuwa. Mata ma sun fi, yarinya ta fara girma a ce tana rukunin dolaye, uwarta dama neman dalili take ta ɗora mata talla. Bincikenku ya yi maganar wannan?

Malama Rabi Bauchi:
Maman Khalifa tambayarki a kan hanya take kuma yana faruwa. Abin da na gani yana taimakawa, kar a sa wa rukuni lamba ko sunan da zai nuna na sama da na ƙasa, mu sunayen itatuwa muka sa, Kuka, Tsamiya, Dabino, Giginya. Yaran sun san bambancin fa, ba a ɓoye musu, amma ba a kiran kowa daƙiƙi. Na biyu kuma shi ne babba, rukunin ba gidan zama bane, bayan ƴan makonni a sake gwaji duk wanda ya motsa ya wuce gaba a tafa masa a asambuli. Manyan nan da kike tsoro su suka fi saurin wucewa domin kansu ya buɗe, haruffan ne kawai ba a taɓa tsayawa an koya musu ba, kuma Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, da yaro ya kama ba bi bu be bo ya gane ana haɗa su, sai ki ga ya tashi. Kunyar da ta fi ita ce ya je JS1 a ce ya tashi ya karanta ya tsaya kamar an dasa shi.

Malam Kabiru mai firaibet:
Duk naji, amma da Hausa za ku koyar? Ku fa gwamnatin tarayya da kanta ta soke wannan tsarin, ministan ilimi Alausa ya faɗa a Nuwamban 2025 cewa Turanci ne harshen koyarwa tun daga ƙasa, kuma shi ma cewa yayi hujja ya bi, yace yankunan da suka rungumi harshen uwa su suka fi faɗuwa WAEC da NECO da JAMB. To ga bincike ga bincike, wanne za mu ɗauka? Ni iyayen da ke biyana kuɗi in yaro ya koma gida yana karanta Hausa cewa za su yi me na biya.

Dakta Nura:
Malam Kabiru tambaya mai kyau, a nan ne shugaba ke buƙatar sanin yadda ake auna hujja ita kanta. Tsarin shekara shida da harshen uwa a ƙarshen 2022 majalisar zartarwa ta amince da shi lokacin Adamu Adamu yana ministan ilimi. Yaron da ya shiga aji ɗaya a lokacin ko firamare bai gama ba a 2025, ta ina ya rubuta WAEC har ya faɗi? Waɗanda suka rubuta sun yi firamarensu ne tun kafin tsarin. Sannan yankunan da ake nufi sun bambanta da sauran ta fuskar talauci da yawan yara a aji da ƙarancin ƙwararrun malamai da rashin tsaro, ta yaya za a ware harshe a ce shi ne sanadi? Abu biyu su faru a wuri ɗaya ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya.

Kwatanta da abin da Farfesa Babs Fafunwa yayi a Ife daga 1970, aka ɗauki yara aka koyar da wasu da Yarbanci shekara shida ana basu Turanci a matsayin darasi, wasu kuma aka bi da su tsarin da aka saba, aka bi su har gaba. Ƴan Yarbancin ba su kasa a Turanci ba, a sauran darussa kuma sun yi gaba. Shi ma akwai masu sukarsa cewa an ba ajin gwajin kulawa ta musamman da malamin Turanci ƙwararre, kuma sukar tana da tushe, amma ko ba komai an kwatanta yaro da yaro. Tambayoyin da nake so kowane HM ya riƙa yi in an ce masa "bincike ya nuna" su ne: da wa aka kwatanta, su wa aka gwada, sun yi kama da yarana, kuma wa ya biya kuɗin binciken, mai sayar da kayan ne?

Kuma ba wanda yace a bar Turanci. Yaro sau ɗaya yake koyon yadda harafi ke zama sauti, in ya koya da harshen da yake ji sai ya ɗauke shi ya kai Turanci.

Ɗanjuma SSO:
Amma Dakta a yi hattara, umarni umarni ne, HM ma'aikaci ne. Abin da zai iya yi ba tare da ya shiga matsala ba, Hausa ai darasi ce a jadawali har yanzu, babu wanda ya hana koyar da karatun Hausa. Ya faɗaɗa wannan lokacin da izinin ES.

Baba Alhaji Isa mai ritaya:
Ni har yanzu akwai abin da ban ji an taɓa ba. Su malaman fa? A 2017 Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar ƴan aji huɗu, 21,780 aka ce basu kai makin da aka sa ba cikin wajen 33,000. Ko mutum ya yarda da yadda aka yi jarrabawar ko bai yarda ba, mun san akwai malamin da shi kansa karatun yana masa gardama. Wa zai koyar da rukunin naku?

Malama Rabi Bauchi:
Baba shi yasa littafin jagoran malami yake da amfani, wanda aka tsara darasi daki daki, yau harafi kaza, ka faɗa su ji, ku faɗa tare, su faɗa su kaɗai. Malamai masu ƙwari suna ƙorafi wai an mayar da su yara, amma mai rauni yana samun abin dafawa, kuma na ga malamar da ita kanta karatunta ya gyaru ta dalilin koyar da shi. Sai dai kar a kai mai raunin rukunin haruffa don ana ganin nan ne mai sauƙi, nan ne ya fi wuya, malamin da ya fi haƙuri da iya tafiyar da yara shi ake kaiwa can.

Dakta Nura:
Haka ne Hajiya. Akwai kwamitin masana da Bankin Duniya da gwamnatin Birtaniya suka kafa, daga baya UNICEF da USAID suka shigo, sun fitar da rahoto a 2020 suka sabunta a 2023, suka jera abubuwan da ake kashe wa kuɗi a ilimi daga mai riba zuwa asara. A sahun gaba akwai wannan jagoran malami mai tsari tare da horo da bibiya, da koyarwa daidai matakin yaro. A sahun asara akwai sayen na'urori su kaɗai, da zuba kaya irin littattafai ba tare da an canza yadda ake koyarwa ba. A Kenya shirin Tusome da aka fara a 2015 a duk ƙasar haka aka yi shi, jagora, littafi a hannun kowane yaro daidai ƙarfinsa, da jami'i mai shiga aji ya zauna ya kalli darasi.

Masu iya shiga intanet kuma su duba abin da gidauniyar EEF ta Ingila ta tara, tun 2011 suke wannan aiki don shugabannin makarantu. Kowane abu sun sa masa kuɗinsa da ƙarfin hujjarsa da yawan watannin ci gaban da yake ƙara wa yaro. Gaya wa yaro takamaiman inda ya yi kuskure da yadda zai gyara yana sama sama kuma kusan kyauta ne. Maimaita aji kuwa a lissafinsu baya yake mayar da yaro. Amma a tuna akasarin binciken nasu daga makarantun Ingila da Amurka ne, a karanta da wannan a rai.

Maman Khalifa:
Maimaita aji baya yake mayarwa? To mu da muke cewa turawa gaba ba tare da an ci ba shi ya kashe karatu?

Dakta Nura:
Duka biyun ba sa magani Maman Khalifa. In ya maimaita, abin da bai gane bara ba shi za a sake karanto masa da irin hanyar bara, ga takaici ga ƙannensa sun kamo shi, da yawa daga nan suke barin makaranta. In an tura shi gaba a haka kuma ramin yana ƙara zurfi. Abin da ya rasa shi za a koma a bashi.

Malam Kabiru mai firaibet:
Ni dai ban sauka daga kan bakata ba gaba ɗaya. Makarantar da yara ke guduwa daga cikinta wa za ka koyar? Ciyaman ɗin nan ba mahaukaci bane, yana ganin abin da iyaye ke gani. Ko guda ɗaya a saya ta ofis a riƙa buga katin gwajin da ita da firinta, shi ma ya ga an ji maganarsa.

Malama Rabi Bauchi:
Wannan kam na yarda da kai Malam Kabiru, firinta za ta yi aiki, gajerun labarai kala kala ake buƙata kuma su ne ke wahalar samu. Sauran kayan ba sai an saya ba, mu kwalin indomi muke yankawa mu rubuta haruffa da maka, lissafi kuma tsinken tsintsiya, goma goma a ɗaure da roba, yaro ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa in zai yi ragi sai kaga ya gane aron nan da aka shekara ana faɗa masa a allo bai gane ba. Iyaye kuma a kira su ranar da aka sake gwaji, uba ya zauna ɗansa ya karanta masa labarin da bai taɓa gani ba.

Malam Habibu HM:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Gobe in sha Allah za mu fara gwajin, na yi magana da mataimakina zai rubuta katin da daren nan. Saura abu ɗaya, wane lokaci ya fi? Ni na fi son farkon safiya amma rabin yaran sai wajen ƙarfe tara saura suke isowa saboda ɗiban ruwa da makarantar allo ta asuba, bayan hutun tara kuma ƴan mata da yawa in suka fita ba sa dawowa.

Mushe Laminu Damagaram:
Mu nan kwamitin iyaye na lakwal ne ke shirya shi da marece ko ranar da ba karatu, da samarin gari masu birebe, wato takardar gama ƙaramar sakandare, suna taimakon mushe. Amma ku naji da marece Islamiyya gare ku.

Ɗanjuma SSO:
Yamma ba zai yiwu ba gaskiya, za ka haɗa kanka faɗa da malaman Islamiyya kuma malamanka ba za su dawo ba sai da alawus. Ka sa shi awa ɗaya kafin a tashi hutun tara, lokacin masu latti sun iso masu gudu basu tafi ba. Ka fara duba rajista ta makonnin baya ka ga wane lokaci da wace rana aji ya fi cika. Yaushe kasuwar garinku take ci?

Malam Habibu HM:
Laraba. Ranar kam ko malaman sai an yi da gaske.

Malama Rabi Bauchi:
To ka bar Laraba, ka yi kwana huɗu. Ka turo min lambarka ta inbox in turo maka hoton katin da muke amfani da shi mataimakin naka ya duba kafin ya rubuta nasa, kar ya sa kalmomin da ke cikin littafin ajinsu.